Facin Lawan da Masarar Baffa Ya'u

Makon jiya na bi hanyar Gwarzo bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi, sai na hango wata gonar masara kafin mu kai mararrabar Kabo. Ganyenta ya yi ɗorawa tun daga gindi har sama, karan kuwa siriri kamar tsinken tsire. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da ke damun irin wannan masara: yunwar taki ce. Direba yana ta zuba hirar siyasa, ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, wani ɓacin rai da ya girmi 'ya'yana duka. Na ɗauka na daɗe da hucewa. Ashe ban huce ba.

Abin ya faru ne a shekarun nan da ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. 'Yan hisba suna tsaye a bakin tasha, mata na zama a bayan mota maza a gaba, kalmar "sata" kuma ta yi nauyi a baki, ba a jefa wa mutum ita da wasa. Gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, alhali aljihun babu komai a ciki. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta cika ido ba, don haka kafin ruwan shuka ya sauka rumbuna da yawa sun zama wurin kwanan kaji. A gidanmu na Gwarzo tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunu ne tsululu, da rana kwaɗon rama ko na tafasa da ɗan ƙuli-ƙulin da ba ya rufe ganyen. Mutum ya ci ya tashi, kafin ya kai bakin zaure cikinsa ya fara tambayarsa ina sauran.

Ni kuma lokacin na gama karatun kwamfuta a Kano na dawo gida. Wata ƙungiyar manoma ta ɗauke mu aiki, ni da abokin karatuna Lawan, wanda kowa ke kira Injiniya saboda ba ya rabuwa da sukundireba a aljihun gaba. Takin zamani mai rangwame ya yi ƙaranci a shekarar, masu bayarwa suka ce ba za su saki buhu ko ɗaya ba sai an kawo musu jerin sunayen manoma daga kwamfuta, don a daina rubuta mutum ɗaya sau uku. Aikinmu ke nan: mu gina shafin da za a riƙa shigar da sunayen mutanen Madadi da Durun da Dugabau da sauran ƙauyuka, a ƙarshe ya tattara su a buga.

Ba daga tushe muka fara ba. Akwai abin da ake kira firamwok, wato ƙashin ginin shafukan intanet, wanda wasu mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta suka sake shi kyauta, kowa ya ɗauka ya leƙa cikinsa ya yi gini a kai. Su ke kula da shi, lokaci-lokaci su fitar da sabo, ka sauke shi a kan tsohon ya maye gurbinsa. Kai naka shi ne ka ajiye rubutunka a gefe, a jakarka, ka jona shi da nasu ta ƙofofin da suka bari. Haka aka koya mana, ni da Lawan, a aji ɗaya, a benci ɗaya.

Ofishinmu ɗaki ne guda kusa da kasuwa, rufin kwano, taga ɗaya. Wutar lantarki sai dai labari. Man fetur ya yi wuya, don haka janareta awa biyu kacal yake yi a yini, daga hantsi zuwa kusan azahar. Zafin gabanin damina kuwa ba ya buƙatar bayani. Kwano ya ɗauki rana ya sauke mana ita a ka, gumi na ɗiga daga haɓa zuwa kan takardun manoma har tawada ta narke. Kullum da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, kowa ya ɗaga kai, sai iska ta zo ta watsa shi.

Ranar da muka fara shigar da sunaye, suna na huɗu ya tsaya mana a wuya. Mu'azu ne, wani mutumin Durun. Akwatin ya ƙi karɓa, ya fito da jan rubutu wai wannan ba suna ba ne. Na gwada Rabi'u, ya ƙi. Sa'idu, Isma'ila, Shu'aibu, duk ya ƙi. Ashe ɗan waƙafin saman nan ne, alhamza. Mai duba suna na cikin firamwok ɗin haruffa zalla ya sani.

Lawan ya yi dariya ya ja kujera. "Wannan ai ba komai ba ne. Layi ɗaya ne. In buɗe cikin firamwok ɗin, in ƙara masa waƙafi, an gama. Faci ne na minti biyar."

Na ce, "Lawan, ka san ba a taɓa cikinsa. Sun bar ƙofa. Mu rubuta namu mai duba sunan a jakarmu, mu ɗora shi a kan nasu, mu ƙara masa abin da muke so. In ka yi faci, ran da aka sauke sabo, facinka ya tafi."

"Naka ƙarin kwana nawa zai ɗauka?"

"Uku. Sai na shiga Kano na karanto yadda ake jonawa."

Sakataren ƙungiya, Alhaji Garba, yana zaune a bakin ƙofa yana fifita da wani kwali. Ya juyo ya ce, "Sani, ni ban san faci ba, ban san ƙari ba. Hadari nake gani a gabas. Wanne ya fi sauri?"

"Na Injiniya ya fi sauri, Alhaji, amma..."

"To a bar amma ɗin. Injiniya, bismilla."

Lawan ya yi facinsa, Mu'azu ya shige sumul, Alhaji ya sa masa albarka. Na ce wa Lawan aƙalla ya rubuta a takarda mu manna a bango, cewa an taɓa wuri kaza. Ya ƙwanƙwasa goshinsa da sukundireba ya ce, "Yana nan." Ni kuma na ja bakina na yi shiru, don ba na son a ce matsalata ita ce an yabi Lawan ba a yabe ni ba. Wannan shirun har yau yana ci mini rai fiye da facin.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara da manya suka fito tsakar gida suna tara robobi, washegari kuwa ba ka ganin kowa a majalisa, duk an tafi gona. Ni ma na hau keke sai Dugabau, wurin Baffa Ya'u.

Baffa Ya'u ƙanen mahaifina ne, kuma a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifin namu. Asalinmu makiyaya ne, amma abin da ya rage masa na dukiyar iyaye shanun huɗa biyu ne da 'yan tumaki. Dogo ne, ba shi da yawan magana, ga kunya ga zuciya. Gero da dawa ya saba shukawa. A shekarar ni na zauna na lallashe shi ya ba masara babbar gonarsa, don tana nuna da wuri ta kori yunwa, ga kuma taki na zuwa.

Ya ce, "Masara ba ta da haƙuri, Sani. In babu taki, ciyawa ce."

Na ce, "Baffa, da hannuna na shigar da sunanka. Ya'u Dugabau. Buhunka kamar yana ɗakinka ne."

Ya dube ni ya ce, "To. Allah ya sa mu ga alheri."

Muka yi shuka, shi yana sara ni ina jefa iri ina takewa da diddige. Bayan mako biyu aka yi masa gayyar noman fari. Tun da sassafe maza suka jeru a bakin gona, raɓa ta jiƙa ƙafar wando, fartanyoyi na tashi tare suna sauka tare. Babu wanda ya karya da abin kirki. Kafin hantsi ya ɗaga, masu waƙa sun yi shiru, sai nishi. Goggo Hajara, matar Baffa, ta kawo fura a ƙwarya, ruwan ya fi nonon yawa nesa ba kusa ba, tana ta ba da haƙuri, mutane na ce mata ai ta ma yi ƙoƙari. Masarar kuwa ta fito kore shar, layi-layi, ta kai idon sawu. Abin da take jira kawai shi ne taki, kuma takin yana da lokacinsa. In ya wuce, ko buhu goma ka zuba, ka yi wa ƙasa kyauta ne.

Saura 'yan kwanaki a miƙa jerin sunaye, sai saƙo ya zo daga ofishin Kano: masu firamwok sun fitar da sabo, sun toshe wata kafa da ɓata-gari za su iya bi su taɓa bayanai, dole kowa ya sauke kafin ya buga. Lawan ya shiga Kano ya kwaso shi a faifai, ya sauke. Ni ina Kabo ina karɓar ragowar takardu. Na dawo na tarar komai na buɗewa lafiya, ban tambaya ba, shi ma bai tuna ba. Abin da ya ce yana goshinsa, zafin rana ya narkar da shi. Sabo ya hau kan tsoho, faci ya tafi. Da muka ce manhaja ta tattara sunaye, mai duba suna ya sake bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai gamshe shi ba ya tsallake shi shiru. Takardu suka fito da kauri, muka ɗaure su da zare, Alhaji Garba ya sa hannu. Babu wanda ya bi su layi-layi, har da ni.

An yi rabon a wani fili a Kabo. Tirela ta tsaya, buhuna a jere, wani ma'aikaci da aka turo yana kiran suna da lasifika, wanda aka kira ya zo ya dangwala yatsa ya ɗauki nasa. An yi ruwa da asuba, sai rana ta fito ta dafa ƙasar, tururi na tashi, riga na manne wa baya. Mutane sun zo a ƙasa, a keke, a amalanke, wasu tun ba su sa komai a baki ba. Aka yi azahar ana kira, aka yi la'asar ana kira. Da takarda ta ƙare, sai ga taron mutane a tsaye cirko-cirko ba a kira su ba. A cikinsu na hango Baffa, ya riƙe kekensa, igiyar ɗaure buhu a nannaɗe a hannunsa.

Wani ya ɗaga murya, "An sayar da sunayenmu!"

Wani ya ce, "A kai 'yan kwamfutar nan gaban alƙali! Yanzu ba da ba ne!"

Da kunnena na ji wani dattijo yana ce wa Baffa, "Malam Ya'u, ai kai abin ya fi ciwo. Ɗan da ka riƙa shi ya cire ka."

Baffa ya ci gaba da riƙe kekensa. Bai ma kalli inda nake ba, wannan ya fi mini zagi.

'Yan hisba suka shiga tsakani, suka ce kowa ya faɗi sunansa a rubuta. Ina tsaye ina ji. Rabi'u. Mu'azu. Sa'adu. Nafi'u. Shu'aibu. Kowane suna sai maƙogwaro ya ɗan tsaya a tsakiyarsa. Nan take na gane. Na juya na sami Lawan a inuwar tirela, na ce, "Facinka ne."

Ya buɗe baki ya ce mini, "Ai ba laifina ba ne. Laifin masu firamwok ne da ba su san sunayenmu ba."

Wallahi da ba don mutane ba, da na shaƙe shi. Mutanen nan sun ba ka gini kyauta, sun bar maka ƙofa a buɗe, sun rubuta maka yadda za ka shiga, kai ka zaɓi fasa bango, sannan ka ce su ne masu laifi don sun zo sun yi yaɓe! Na faɗa masa haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

An yi sa'a an rage 'yan buhuna. Masu bayarwa suka ce in an kawo gyararren jeri washegari, za a raba wa waɗanda aka tsallake. Na ce wa Alhaji Garba ya nema mana kwana uku in yi abin yadda ya kamata. Lawan ya ce a bari ya sake faci. Alhaji ya dube mu duka biyu kamar ya ga kashi a tabarmarsa.

"Kai da kwana ukunka, shi da facinsa, duk kun ishe ni. Ba ɗigon nan ne matsalar ba? A cire shi daga sunayen gaba ɗaya. Wa ya taɓa mutuwa don an cire masa ɗigo?"

"Alhaji, sunayen mutane ne."

"Taki suke so ko ɗigo?"

Haka aka yi. Wannan karon ba firamwok aka yi wa faci ba, mutane aka yi wa. Mu'azu ya zama Muazu, Sa'idu ya zama Saidu, na'ura ta haɗiye su ba gardama.

Rabo na biyu ya faɗo ranar da mutane suka cika garin, har waɗanda suka riga suka karɓa sun tsaya kallo. Mai lasifika ya gaji, yana karanta abin da idonsa ya gani ne kawai. Muazu da Saidu ya cinka su daidai, don ba su da wata ma'ana. Da ya zo kan Baffa, sai ya kwarara murya:

"Yau, Dugabau!"

Mutanen Dugabau da ke wurin suka zabura gaba ɗaya, sun ɗauka cewa aka yi yau rabon nasu ne, an ƙara musu. Aka yi ca a kan tirela, 'yan hisba na mai da su baya. Da aka gane abin da ya faru, sai fili ya kece da dariya. Wani shaƙiyyi ya ce, "A'a, Malam Ya'u ne ya koma Yau! Baɗi kuma sai a kira shi Gobe!"

Na kutsa na isa wurin Baffa. Na durƙusa na ce, "Baffa, kai ake kira."

"Ban ji sunana ba."

"Kuskuren na'ura ne. Don Allah ka je ka dangwala, masarar nan ba za ta ƙara mako ba."

Ya sunkuyo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sani, Zakariyya'u ubana ya raɗa mini, ya yanka rago. Sunan Annabi ne. Rannan an ce ɗana ya sayar da ni, na haɗiye. Yau kuma in miƙe a gaban jama'a, ana dariya, in amsa sunan da ba nawa ba?"

Ya juya kekensa ya tura shi har ya fita daga filin, sannan ya hau. Na ruga wurin Alhaji Garba na ce a bari in dangwala masa. Ya ce, "A wannan zamanin? Ga hisba a tsaye, rannan ana kiran alƙali, kake so in bari wani ya dangwala wa wani?" Aka kira sau uku, aka wuce. Ina kallo aka ɗora buhun a amalanken wani.

Washegari na shiga Kano ba tare da na nemi izinin kowa ba. Na zauna a shagon intanet, shafi ɗaya sai ya yi minti biyar kafin ya buɗe, na kwafe bayanin da biro. Na dawo na rubuta namu mai duba sunan a jakarmu, na jona shi ta ƙofar da aka tanada. Na mai da wa kowa waƙafinsa. Na sake sauke firamwok ɗin a kai don gwaji, sunaye suka tsaya daram. Kwana biyu da rabi ya ɗauke ni, rubutun kuma bai cika shafi guda ba. Da na gan shi ɗan mitsitsi a kan allo, ban yi murna ba, sai ma takaici.

Yanzu abubuwa sun canza. Sabon firamwok kan sauka kafin shayi ya huce, manomi na ganin sunansa a wayarsa. Amma har gobe, duk wanda ya ce mini "bari in ɗan taɓa cikinsa kawai," ya san ya taro faɗa, abokan aiki har taurin kai suke ce ina da shi. Lawan kuwa ya zama babban mutum, muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure mu gaisa. In zancen ya taso, "wannan 'yar matsalar ta Kabo" yake kiranta, yana murmushi.

Taki na uku bai iso ba sai tsakiyar marka, lokacin da ruwa ke kwana biyu yana zuba, katangu na zubewa, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika ɗakin girki. Na ɗauki takardar sunayen na tafi Dugabau cikin yayyafi don in gaya wa Baffa ya zo ya karɓa. Goggo ta ce yana gona. Na same shi a tsakiyar masarar, buhun wofi a kansa saboda ruwa. Ta tsaya a iya ƙugu, rawaya fatau, ta yi ɗan goyon da bai fi yatsa ba. Ni da shi mun san ko an zuba takin yanzu babu abin da zai tayar.

Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya faru. Na ce, "Baffa, an gyara. Ga sunanka daidai."

Baffa bai yi boko ba. Ya goge hannunsa a riga ya karɓi takardar, ya kare ta da jikinsa kada ta jiƙe.

"Ina yake?"

Na nuna masa layin.

"A'a. Abin da aka ce an cire. Nuna mini shi."

Na sa farce a kan ɗan waƙafin, tsakanin harafi na biyu da na uku. Ya kusanto da takardar dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga kai ya bi gonar da kallo, tun daga inda muke har bakin iyaka.

"Wannan ɗan abin ne ya cinye mini masara?"

Na buɗe baki in ce faci ne, in ce Lawan ne, in ce Alhaji Garba ne. Duk gaskiya ne. Amma ni na ce masa buhunsa kamar yana ɗakinsa.

Na ce, "Ni ne, Baffa."

Ya ninke takardar a hankali ya miƙo mini. "Je ka ce su ba wanda ya shuka dawa takin," in ji shi. "Ita tana da sauran kwana."